Ƙasusuwa Biyu Da Kafaɗar Yaya Ta Ɓoye

'Ya'yana, akwai wasu 'yan ƙasusuwa biyu ɗaure da zare a cikin gwangwanin da ke ƙasan akwatina, wanda kowannenku ya taɓa buɗewa ya leƙa lokacin da ya ɗauka ina masallaci. Na gaya wa Hadiza na jaririn dorina ne. Na gaya wa Umaru na wani zaki ne da na shaƙe a dajin Illo da hannu ɗaya, ɗaya hannun ina shan rake. Ƙananan kuwa na ce musu na aljani ne, don su bar taɓa mini kaya. To yau ga gaskiya: ƙashin wuyan rago ne, ragon ma ba wani na a zo a gani ba. Haka kuma labarin da na daɗe ina ba ku, wai ni na ceci baffanku Arzika da ilimin zamani lokacin da kakanku ya rasa abin yi, shi ma kifa shi na yi. Kun san halina, in na ga kaji uku a bakin rijiya, kafin in iso gida sun zama garke. Amma wannan akwai haƙƙin kakanku a ciki, shi ya sa na zauna in rubuta shi yadda ya faru. Ban yi alkawarin ba za ku tsinci gishiri nan da can ba, hannuna ya saba.

Kakanku Malam Alu maɗori ne, ɗan maɗori, jikan maɗori. Daga Kurgu har Kamba, duk wanda jaki ya kayar ko reshe ya karye da shi, gidanmu na Bagudo ake kawo shi. Kayan aikinsa kara ne da tsumma da man shanu da addu'a, sai yatsu goma da ke jin abin da ke ƙarƙashin fata kamar suna da idanu. Ni na ƙi gadon. Na ce ba zan ƙare rayuwata ina shafa ƙafafun mutane ba. Da na gama elementare sai na samu aikin shara a babban asibitin birni, daga shara aka tura ni ɗakin duhu inda ake wanke hoton ƙashi, a ƙarƙashin wani Bature da muke kira Mai Lofe. Shekara huɗu ina wanke masa fim ina shanyawa. Bai taɓa barina na taɓa injin ba, amma idona na kansa. A shekarar da aka sauke tutar Turawa aka ɗaga tamu, Mai Lofe ya ɗaure akwatinsa ya tafi, ya bar injin lulluɓe da zane kamar gawar da ba ta da dangi. Likitan da ya rage ɗan ƙasa ne, saurayi daga kudu, shi kaɗai a kan marasa lafiya da in sun yi layi sai sun kai bakin kasuwa. Ya tara mu ya ce wa ya iya injin nan. Na ɗaga hannu har sai da na kusa taɓa rufi. Washegari aka ba ni farar riga. Daga ranar ni Bawa mai wanke-wanke na zama Malam Bawa Maihoto, kuma wallahi tafiyata ma ta canja.

Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne, ɗauka iri biyu kawai na iya: ta gaba da ta gefe. Ƙafa, hannu, ƙirji, waɗannan na gan su sau dubu. Wuya kuwa, in Mai Lofe zai ɗauke shi, yakan yi ta jujjuya mutum yana gunaguni, ni kuma a lokacin hankalina yana kan agogon tashi.

Baffanku Arzika shi ne ɗan farin gidanmu. Ku kun san shi tsoho mai jakuna, ba ku san shi da ƙarfinsa ba. Kafaɗunsa sai ya karkace yake shiga zaure. Shi ne madugun 'yan dakon da ke ɗaukar gishiri da kanwa da busasshen kifi a ka, su haye Kwara a kwalekwale, su taka har cikin Dahomi, wadda ku yanzu kuke kira Binin, su dawo da goro da atamfa. Tun yana ɗan shekara goma sha biyu gammo bai bar kansa ba. Kayan da mutum biyu ke kokawar ɗagawa shi kaɗai yake ɗora su, har ya tsaya ya gaisa da mutane a hanya.

Da na zo gida hutu a ƙarshen rani, sai na tarar da wannan ƙaton yana yawo a tsakar gida da hannun dama a bisa kai, kamar wanda aka aiko wa da saƙon mutuwa. Wani raɗaɗi ne ke taso masa daga wuya, ya bi kafaɗa, ya gangara har babban yatsa da manuniya. Yatsun biyu sun mutu, in ya ɗauki loma sai ta faɗi bai sani ba. In ya karkata kai dama, sai ya yi ƙara. In ya ɗora hannun a ka, sai abin ya lafa. Inna, kakarku, ba abin da ta tsana kamar wannan tsayuwar.

"Sauke hannun ga! Ubanka na da rai, ni ina da rai, wa kake ma kuka?"

"Inna, in na sauke shi, wuta ce ka ci na."

"To ka shiga ɗaki ka ɗora. Kar maƙwabta su shigo muna gaisuwa."

Kun san al'adarmu game da ɗan fari. Uba ba ya kiran sunansa, ba ya zama kusa da shi, ba ya nuna ya damu da shi a gaban mutane. Tun da na yi wayo ban taɓa jin Baba ya ce Arzika ba, sai dai "yayanku" ko "wancan". Duk da haka, wata safiya ya sa shi ya zauna a bayan rumbu inda ba kowa, ya bi wuyan da yatsunsa gaɓa gaɓa, ya danna kan kaɗan, ya ɗago shi kaɗan, ya tsunkuli yatsun ɗaya bayan ɗaya. Ni ina laɓe ina kallo. Da ya gama sai ya goge hannu ya ce:

"Ba ni ja, ba ni murɗawa. Kuma kada kowa ya ja. Ya aje kaya, ya kwanta."

Shi ke nan abin da ya ce. Gari kuwa ya ɗauka. Wasu suka ce kunyar ɗan fari ce ta hana shi. Wasu suka ce hannun Malam Alu ya tsufa, tsoro yake ji. Aka fara kawo zancen wani mutum a ƙetaren iyaka, Badande, da ake kira Maimurɗa. An ce yakan zaunar da mutum a kan turmi, ya naɗa masa rawani a haɓa, ya ja sama ya murɗe, ƙas, sai mutum ya tashi yana rawa. 'Yan dako da yawa sun je sun dawo suna yabonsa. Kulu, matar Yaya, wadda tsakanina da ita ba a rabuwa da tsiya irin ta ƙanin miji, ita ta fara tsokano ni.

"Kai likitan birni, farar rigar taka ta ado ce? Yayanka na mutuwa tsaye, kai kana ta guga."

"Ke Kulu, injin da nike riƙe da shi yana ganin abin da kika ci shekaranjiya."

"To ya gani. Ɗanwake ne, kuma ban rage maka ba."

Na ɗauki Yaya a motar kaya muka tafi birni. Ga laifina na farko: ban kai shi wurin Likita ba. Na ce mutum mai layin marasa lafiya har kasuwa, me zan dame shi da shi, alhali ga ni? Na jira lokacin da ya shiga ɗakin tiyata, na shigar da Yaya ɗakin hoto, na ɗauke shi ta gaba, na ɗauke shi ta gefe, na wanke da kaina. Na ɗaga fim a gaban fitila. Ƙasusuwa jere reras, ba karaya, ba gocewa. Na buga ƙirji na ce masa wuyansa ya fi nawa lafiya, sanyi ne kawai ya kwanta a jijiya, in aka murɗa zai fita.

Muka dawo Bagudo ana jibi Babbar Salla, ni da ƙatuwar ambulan ta hotunan a hammata. Ranar Salla da la'asar, bayan an rataye raguna, na baje kolina a ƙofar zaure. Mutanen da suka taru sun isa a naɗa hakimi. Yawancinsu ba su taɓa ganin cikin mutum mai rai ba. Wata tsohuwa ta ga haƙoran Yaya a fim ta yi salati ta koma gida da baya. Ban bar kowa ya taɓa ba, na ce hannunsu duk maiƙo ne. Baba yana can gefe a kan buzunsa yana jan carbi, bai taso ba, don ba zai kutsa cikin taro a kan ɗan fari ba. Ni kuma, da mutane suka zuga ni, sai na ɗaga murya yadda zai ji:

"Jama'a, zamanin lalube ya wuce. Yatsa na iya jin tsoro, amma inji bai san tsoro ba. Hoto ya ce babu komi!"

Aka yi shewa. Baba bai ɗago kai ba. Carbin ne kawai ya tsaya a hannunsa na ɗan lokaci, sannan ya ci gaba.

Laifina na biyu ya fi na farko. Ayarin Yaya zai tashi ne bayan mako guda, Baba ma haka ya sani. Sai ni da Inna da Kulu muka ƙulla cewa ya tashi washegarin Salla da mutum huɗu, da kayansa a ka, ya sayar a can, ya biya wurin Maimurɗa a gama da abin kafin tsoho ya hana. Aka gaya wa Baba ya tafi Kurgu gaida surukai.

Kwana biyu da Salla, da hantsi, Baba ya aiko Inna ta kira ni bayan rumbu. Na same shi zaune da kwano a gabansa. Wuyan ragonmu ne da aka dafa jiya, ya bi shi da wuƙa ya kankare tsaf, ya jera ƙasusuwan a kan tabarma. Ya ce in ɗauko hoton nan nawa. Ya wanke hannu da toka har sau biyu, ya shanya su a rana, sannan ya miƙo su.

"Ba maiƙo yanzu, Malam Bawa. In taɓa?"

Wannan "Malam" ɗin ya fi mari zafi. Na ba shi. Ya ɗaga hoton gefe ya saita shi da rana, ya daɗe yana kallo, har na ga bakinsa yana motsi.

"Abin ga na da kyau," in ji shi. "Da ubana ya ga wanga, da ya yi kuka. Taho ka ƙidaya min ƙashin wuyan."

Na sa yatsa ina ƙirgawa da muryar malamin makaranta. Ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar. Daga nan sai wani farin gajimare ya rufe komai.

"Biyar," na ce.

"Ƙidaya na ragon."

Bakwai.

"Na rago bakwai. Na raƙumi, duk tsawon wuyan nan nashi, bakwai. Na ɗan Adam bakwai. Ina biyun yayanka? Ko can birni kunka baro su?"

Na sake duban farin gajimaren nan. Kafaɗun Yaya ne. Waɗannan kafaɗu da ba sa shiga zaure sun hau sun rufe ƙasan wuyan ɗungum, ni kuma ban ƙirga ba, don ban san akwai abin ƙirgawa ba. A take na tuna Mai Lofe yana sa mutane su riƙe wasu 'yan buhunan yashi a hannu biyu, ni ina zaton muguntarsa ce kawai.

Baba bai tsaya nan ba. Ya ɗauki biyu daga ƙasusuwan ragon ya haɗa su yadda suke zaune a jiki, ya riƙe su a gaban idona.

"Duba ta gaba. Ka ga huda?"

"Babu."

"Bi a hankali." Ya riƙa juya su kaɗan kaɗan, sai ga hasken rana ya ɓullo ta wata 'yar kafa a tsakaninsu, kamar tagar ɗakin kara. "Ga ta nan. Kowane biyu na da irinta, dama da hagu. Ta nan jijiyar hannu ka hita. Ba ka ganinta sai ka juya ƙashin har haske ya ratsa. Kai ka tsaya ma wuya ta gaba kamar mai gaida sarki, ka ce ba ka ga komi ba."

Ya zari tsinken ciyawa ɗanye ya zura a kafar. Ya matse ƙasusuwan ta gefe guda, tsinken ya lanƙwashe. Ya saki, ya miƙe.

"Shekara ashirin da wani abu kaya na danne wuyan ga. Ƙashi ya gaji, ya yi tsiro, ƙofa ta tsuke. In ya karkata kai, ta ƙara tsukewa, shi ne ƙarar da kake ji. In ya ɗora hannu a ka, jijiya ta sassauta, shi ne sauƙin. Yanzu duba abin da murɗa ka yi."

Ya murɗa sau ɗaya. Tsinken ya tsinke gida biyu, rabi ya faɗo a kan tabarma.

'Ya'yana, na sha jin tsoro a duniya, har da ranar da kwalekwale ya kife da ni da akuya a cinya, amma ban taɓa jin irin na wannan safiya ba. Na ce:

"Baba, Yaya ba Kurgu ya tahi ba. Tun jiya da asuba sunka haye. Yau da la'asar za su kai wurin Maimurɗa."

Tsohon nan ya miƙe tsaye ba tare da ya dafa ƙasa ba. Kwanon ya kife. Sai na ji abin da ban taɓa ji ba tun da aka haife ni, ban kuma sake ji ba har ya koma ga Allah.

"Arzika!" in ji shi. "Arzika nawa!"

Inna da ke laɓe a bayan danga ta saki muciya.

Na cusa ƙasusuwan biyu a aljihu, na soke ambulan a bayan riga, na fizge keken malamin haraji da ke jingine a ƙofar masallaci, ban ko tsaya sallama ba. A wasu lokuta na ce muku na haye Kwara a kan keken ba tare da taya ta jiƙe ba. A'a, kwalekwale na shiga kamar kowa, sai dai na karɓe filafili daga hannun mai fito don na ga kamar yana lallashin ruwan ne. Daga ƙetare na hau na yi ta tuƙi cikin yashi da ƙaya. Inda yashi ya yi yawa in saɓa keken in ruga. Taya ta baya ta fashe bayan Illo, na cusa mata ciyawa na ci gaba. A bakin iyaka wani jandarma ya tare ni da bindiga ya ce takarda. Ba ni da takarda. Na zaro hoton gaba na ɗaga masa, ga ƙoƙon kai yana yi masa murmushi da haƙora talatin da biyu, na ce mai wannan kan nake bi kafin ya mutu. Ya ja da baya taku uku ya nuna mini hanya da bakin bindigar. Wannan ba gishiri, haka aka yi.

Rana ta karkata lokacin da na faɗa gidan Maimurɗa. Ga Yaya zaune a kan turmi a gindin tsamiya, rawani naɗe a haɓarsa, biyu daga 'yan dakonsa sun danne masa kafaɗu. Maimurɗa, wani siririn dattijo mai farin gemu, yana tsaye a bayansa ya naɗe bakin rawanin a hannu yana karanta addu'a. Na yar da keke na kurma ihu da sauran numfashin da ya rage mini:

"Kar a ja! Don girman Allah kar a ja! Ƙarya na yi!"

Kowa ya juyo. Yaya ya zaro ido ta saman rawani.

"Kai Bawa, lahiya? Wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu, Yaya. Hoton ne bai cika ba. Biyar na ɗauka, bakwai ne."

"Kai da bakinka ka ce babu komi. Gaban gari duka ka ce."

"Na ce. Ban iya ba ne, Yaya. Ban iya ɗaukar wuya ba."

Ku da kuka san ni, ku auna nauyin wannan magana a bakina, a gaban 'yan dako da mata masu daka da duk wanda ya leƙo ta katanga. Na durƙusa na fito da ƙasusuwan, na tsinko ciyawa, na yi wa dattijon abin da Baba ya yi mini. Ya kalla har na gama. Sannan ya tambaya cikin Hausarsa mai gardin Dandanci:

"Wa ya nuna maka wanga?"

"Babana. Malam Alu na Bagudo."

Ya sunkuya ya leƙa fuskar Yaya.

"Kai ɗan Alu ne? Ya taɓa wuyan ga?"

Yaya ya ce ya taɓa.

"Mi ya ce?"

"Ya ce kar a ja."

"Shi ne ka zo ka zauna min bisa turmi ba ka hwaɗa min ba?" Ya fara warware rawanin. "Ni wuyan da ya sanƙare nike murɗawa, ba wanda ya kashe yatsa ba. Na tambaye ka yatsunka, ka ce lahiya lau. Wuyan da Alu ya ƙi, ni ma na ƙi shi. Tashi min daga turmi, mata na jira."

Da muka koma birni na yi abin da ya kamata in yi tun farko. Na tsaya gaban Likita na faɗi komai: na ɗauki hoto ba da izininsa ba, na karanta da kaina, na tura yayana a murɗe masa wuya. Ya cire tabarau ya dube ni har na ji ina raguwa a cikin farar rigar. Sannan ya bar layinsa ya shigo ɗakin hoto da kansa. Buhunan yashin Mai Lofe sun ɓace, sai muka cika bokiti biyu da ruwa muka ba Yaya ya riƙe, kafaɗun suka sauka. Likita ya kama shi ya juya shi rabi, ba gaba ba, ba gefe ba, ya ce in ɗauka. Ya juya shi ɗaya ɓangaren, na sake ɗauka. Da fim ya fito daga ruwa na ƙirga da ƙarfi har bakwai, sannan na ga abin da ban taɓa lura da shi ba a shekara huɗu na wanki: 'yan tagogi jere a gefen wuya, kowace a buɗe kamar ƙwayar wake. A ɓangaren dama, tsakanin ƙashi na biyar da na shida, daidai inda kafaɗa ta fara rufewa a hotona na farko, tagar ta tsuke ta koma kamar idon mai jin barci, ga wani ɗan tsiro ya shigo cikinta kamar ƙaya. Likita ya ɗora bakin alƙalami a wurin. Ya ce bayan wannan ma akwai wasu ƙananan hudoji a gefen ƙasusuwan da jijiyar jini ke bi ta hau kai, kuma da an murɗe wuyan nan da ƙarfi, hannun ne mafi ƙanƙantar abin da za a iya rasawa. Na nuna masa ƙashin ragon na ba shi labari. Ya jujjuya shi a gaban fitila har haske ya ratsa, ya ce da zai samu tsohon nan da ya ba shi farar rigata.

Rigar dai ya karɓe ta. Na koma ɗakin duhu shekara guda cur, aka kuma cire sunana daga waɗanda za a tura kwas a wannan karon. Waɗanda suka tafi a madadina sun zama manya, wasu har da mota. Ni sai daga baya na bi sahu. In kun taɓa mamakin me ya sa ubanku ya tsaya inda ya tsaya, to ga dalili, ba hassadar kowa ba ce kamar yadda na sha faɗa.

Yaya ya fi ni biya. Likita ya ce shi da gammo har abada. Asibiti ba su da abin tallafe wuya da zai zagaye irin nasa, sai Baba ya saƙa masa da kara da auduga, ya sa baduku ya lulluɓe da fata mai laushi. Bai ba shi hannu da hannu ba, Inna ya ba ta kai masa. Madugun ayari ya koma zaman tsakar gida da wuya a ɗaure kamar tulu, wani ƙaninsa a sana'a ya karɓe mutanensa. Ya daina yi mini magana. In na zo hutu na gaishe shi sai ya juya gaba ɗaya, tunda wuyan ba ya juyawa shi kaɗai. Kulu ma ta bar tsokanata, wannan kuwa ya fi komai yi mini ciwo.

Sai bayan kaka, ina tsugune a tsakar gida ina wanke fuska, na ji an ɗirka mini duka a gadon baya, irin wanda ke sa mutum ya tuna sunan kakarsa. Na kife a kan buta. Na ɗago, ga Yaya tsaye, wuya ba ɗauri, yana murza babban yatsa da manuniya a gaban hancina.

"Ka ji shi?"

"Na ji, Yaya."

"Da hannun dama ne. Ni ma na ji shi." Ya juya ya nufi zaure, sannan ya tsaya. "Gobe ka raka ni kasuwa. Jakai za ni saye, kuma ba kai za ka ƙidaya ƙahwahunsu ba."

Kulu ta yi guɗa daga madafa har kaji suka watse.

Yadda labarin ya juye a bakina kuwa, ba rana ɗaya ba ce. Na fara da barin zancen zaure, sannan na bar zancen biyar da bakwai, a hankali sai ga shi ni ne na gano komai, Baba kuma yana gefe yana jan carbi. Ranar sunan Hadiza na ba da shi a haka a gaban baƙi, da Baba zaune a wurin. Na kai inda nake cewa na dubi hoto na gane nan take, sai muka haɗa ido. Bai ƙaryata ni ba. Ya ɗaga hannu ɗaya da yatsu biyar a buɗe, ya ƙara biyu daga ɗaya hannun, ya mayar da su cikin riga, ya ci gaba da cin goronsa. Ba wanda ya lura sai ni.

Duk wanda na koya wa aikin hoto bayan haka, kafin ya taɓa inji sai na sa shi ya riƙe ƙasusuwan nan ya juya su har haske ya ratsa, kuma ba ya fitar da hoton wuya daga ɗakina sai ya ƙirga bakwai da ƙarfi na ji. Suna zaton a kwas na koyo. A bayan rumbu na koyo, wurin mutumin da na kunyata a ƙofar gidansa ranar Salla, shi kuma ya wanke hannu da toka sau biyu kafin ya taɓa hotona.

Gwangwanin na Umaru ne in na tafi. In 'ya'yanka suka tambaye ka, Umaru, ka bar zakin ya huta. Ka ce musu na ragon Malam Alu ne.